Dangin da ke bayan shingen Jibiya: a neme su tun tsofaffi na raye

Wannan jawabi ne da aka gabatar ga 'yan'uwa matasa a garin Jibiya. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu shi kamar yadda yake. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da iyalan gidansa da sahabbansa.



Zan fara da tambaya, kowa ya amsa a zuciyarsa. Sunan mahaifinka ka sani. Na kakanka ma wataƙila ka sani. To, uban kakanka fa? Ina aka haife shi, ina aka rufe shi? Na tabbata da yawa daga cikinmu a nan za su tsaya. Kuma na tabbata in aka bi diddigi, wasu da ke zaune a wannan wuri za su tarar amsar tana can bayan shingen Magama, a Ɗan Isa, ko Madarunfa, ko Maraɗi, ko Tsibiri. Tafiyar da ba ta kai yini ba, amma akwai wanda ya shekara talatin a duniya bai taɓa taka garin kakansa ba. Ya san Legas, ya san Fatakwal, bai san gidan da ya fito ba.

Ya kamata mu san yadda aka yi dangi ɗaya ya rabu gida biyu, domin ba haka kawai abin ya faru ba.

A shekarar 1807 mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka tarar suka fita suka yi arewa. Sarkinsu Magajin Halidu ya rasa ransa a Ɗankama, wadda kuka sani a ƙasar Kaita. Waɗanda suka rage suka ci gaba da tafiya, har wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Shi ya sa har gobe ana kiran sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. Ba sarki kaɗai ya tafi ba. Fadawa sun bi shi, maƙera sun bi, mahauta, masaƙa, makaɗa, har da malamai. Wani ya tafi ya bar wansa a birni. Wata an tafi da ita tana goye, uwarta ta fito daga wani gida da ke cikin ganuwa. Haka nan Gobirawa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri daf da Maraɗi.

Daga nan aka shiga shekaru masu yawa ana kai wa juna hari. Zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore dawakin arewa sun sha kutsowa cikin ƙasar Katsina, daga wannan gefen kuma ana ramawa. Garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji, aka kama mutane aka kai su inda ba su da kowa. Ku riƙe wannan maganar ta kamun mutane, zan dawo kanta.

Sai ga Turawa. Ingila da Faransa suka zauna a can ƙasarsu suna ja wa ƙasarmu layi a kan takarda. Sun ja a 1890, suka sake a 1898, Faransa ta ce an bar mata hanyar da ba ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, aka sake gyarawa a 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ma'aikatansu suka bi suna kafa alamomin iyaka. Babu wanda ya tambayi mutumin Jibiya ko na Ɗan Isa ra'ayinsa. Gulbin da ya ratsa ta nan shi ne dai yake gangarawa Maraɗi, bai san an ja layi ba. Bayan haka ma ƙaura ba ta tsaya ba. Aikin tilas na Faransa, wanda ba a soke shi ba sai 1946, ya koro mutane da yawa zuwa wannan gefen. Yunwar 1914 ta motsa wasu, farin 1973 ya motsa wasu. Saboda haka in tsohuwar gidanku ta ce muku “mu mutanen arewa ne”, ba tatsuniya take muku ba.

To, mene ne ruwanmu da wannan duka? Wani zai ce mu da muke da karatu a gaba, da neman abinci, da halin tsaro da ake ciki, ina mu ina tonon asali?

'Yan'uwa, sada zumunci wajibi ne, yanke shi kuma yana cikin manyan zunubai, wannan kowa ya ji shi a makaranta. Amma ta yaya za ka sada zumuncin da ba ka san shi ba? Ɗan wan kakanka yana can a wani ƙauyen Madarunfa, damina ta ƙi, ya rasa abin sawa a bakin salati, kai kuma kana nan kana raba zakka ga waɗanda ka ga dama. Shi ya fi cancanta, ba ka ma san da shi ba. Ga maganar gado. Mutum ya rasu ba ɗa namiji, asabarsa suna can ƙetare, a raba dukiya ba a neme su ba, a ci haƙƙinsu. Ga maganar aure da shayarwa. Mace ta shayar da ɗan 'yar'uwarta lokacin da suka zo gudun fari, ta rasu, wanda ya san zancen ya rasu, bayan shekaru 'ya'ya su haɗu a kasuwa su ce suna son juna. Waɗannan hukunce-hukunce ne na Shari'a, kuma dukansu a kan sanin nasaba suke tsaye.

Yanzu in koma kan abin da na ce ku riƙe. Wanda duk ya shiga wannan bincike ya shirya zuciyarsa, don ba lallai ya samo abin da yake so ba. Matashi yakan so a ce kakansa yana cikin masu riƙe da tutar jihadi. To, mai yiwuwa ka tarar kakanka yana cikin waɗanda suka ɗaura yaƙi da masu tutar. Mai yiwuwa ka tarar gidanku na bori ne a da. Mai yiwuwa kuma, wannan ita ce wadda mutane suka fi ɓoyewa, ka tarar an kamo kakarka ne a hari aka sayar da ita. In ka ji haka kada ka rufe littafinka ka gudu. Ita aka zalunta, ba ita ta yi zalunci ba, kuma ta fi kowa buƙatar jikan da zai tuna sunanta ya yi mata addu'a. Wanda kuma ya tarar shi jinin sarauta ne ko jinin malamai, kada ya dawo yana ɗaga mana kafaɗa a sahu. Allah ya bayyana mana a Suratul Hujurati dalilin da ya sa ya yi mu dangi-dangi, wato domin mu san juna, ya kuma ajiye fifiko a wajen taƙawa. Ni a ganina wanda zai je neman asali don ya samo abin gori, gara ya zauna gida ya huta da kuɗin mota.

Kuma kada a fara da shiga mota. A fara da ɗakin tsohuwa. Mu maza muna da wani hali, in ana maganar tarihi sai mu nufi dattawan zaure, alhali mata su suka fi riƙe wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, wace ce aka kawo daga wane gari. Ka sayi goro ka durƙusa gaban kakarka ko gwaggonka, ka ce, “Inna, ina so ki faɗa mini iyayenki da garinsu.” Ba za ta ba ka shekara ba, kada ka matsa mata. Za ta ce zamanin Sarki Dikko, ko shekarar da ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi. Kai ne za ka mayar da shi lissafi: Dikko ya hau sarautar Katsina a 1906 ya rasu a 1944, ambaliyar da ta sa aka tashi garin Maraɗi daga fadama zuwa tudu kuma a 1945 aka yi ta. Ka tambayi sana'ar gidan, ka tambayi kirarinsu, ka dubi tsagar da ke fuskar tsofaffi. Mu yanzu an daina yi mana, kuma ba kira nake a dawo da ita ba, amma wadda ke fuskarsu shaida ce da za ta shiga kabari tare da su. Ka rubuta komai, da boko ko da ajami. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, da ya rubuta littafinsa kan tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, bai raina bakin tsofaffi ba, balle kai da kake neman gidanku kawai.

In ka ƙetara, sunaye za su iya ruɗa ka. Mu nan makarantar boko ta saba liƙa wa yaro sunan gari, ka ji wane Jibiya, wane Kaita, sunan kaka ya ɓace. Su can rubutun Faransanci suke bi, Usman ya koma Ousmane, Yusufu ya koma Issoufou. Saboda haka kada ka dogara da takarda, ka nemi mai gari ko limami ka faɗi sunan kakanka da laƙabinsa da sana'arsa. Sau da yawa laƙabin ne zai sa wani tsoho ya ɗaga kai ya dube ka. Kuɗinsu ma ka koyi lissafinsa tun daga nan, dala ɗaya sefa 5 ce, jaka kuma sefa 1,000, kada ka je ka ba da kunya a tasha.

In an nuna maka maƙabartar da aka rufe naka, ka yi sallama, ka roƙa musu gafara, ka tuna kai ma nan za ka. Amma kada ziyarar ta ƙare a kan matattu. Masu rai su ne suke da haƙƙin zumunci a kanka. Ka je da ɗan abin hannu gwargwadon ƙarfinka, ko sabulu ne ko turmin atamfa ga tsohuwar gidan. Ka kwana in an ce ka kwana, ka ci abin da aka ba ka. Kada ka shiga gidan mutane da wa'azi a ranar farko kana gyara musu wannan kana gyara musu wancan. Baƙo kake, kuma yaro.

Dalilin da ya sa nake cewa a gaggauta shi ne wannan shingen ba shi da tabbas. An rufe iyakar ƙasa a 1984 ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa a watan Agusta na 2019. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka sake datse ta, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Kun ga da idonku yadda tireloli suka yi layi, kasuwa ta mutu. Abin da ba a lissafa ba shi ne jana'izar da aka yi ba a samu zuwa ba, da tsofaffin da suka rasu a waɗannan watanni da duk abin da ke cikin kansu. Ana ta aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi wadda aka ƙaddamar a 2021, kuma ta Jibiya aka tsara za ta bi. Allah ya sa a gama lafiya. Amma tsohuwar da ta haura tamanin ba za ta jira jirgi ba.

Game da tafiyar kanta, ku nemi izinin iyaye, ku riƙe katin shaida, ku bi ta ƙofa kada ku bi ta daji, kun fi ni sanin abin da ke cikin dajin nan yanzu. A tafi da rana, a tafi mutum biyu ko uku, a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a tashi. Wanda ya je ya dawo, ya kwafi abin da ya rubuta gida biyu, ɗaya ya ajiye wajen babban gidansu, ɗaya ya aika wa dangin da ya samo a can.

Allah ya jiƙan magabatanmu na nan da na can, ya ba mu zaman lafiya a wannan yanki.