Ba Duk Mai Kumfa Ne Sabulu Ba

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafuwarta



Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, direbobi da ƴan dako, da baƙinmu da suka taso daga Katsina, Kano da Damagaram, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

An ce in yi bayani kan rajistar kaya. Na roƙi shugaba ya bar ni in tsaya kan layi ɗaya tak, wanda na rubuta da hannuna bara lokacin zafi: "sabulun ruwa, tano huɗu." Haka mai kayan ya faɗa mini, ni kuma ban tashi na duba ba.

Wajen sauke kayan, murfin tano ɗaya yana yoyo. Wani yaronmu ɗan dako ya tallafe shi da kafaɗa, ruwan ya jiƙa masa riga. Ya ga yana kumfa, yana santsi, ya ce ai wanka ya samu kyauta, aka yi dariya. Ya ci gaba da aiki cikin rigar har la'asar. Da dare kafaɗarsa da bayansa suka yi bororo kamar an zuba masa ruwan zafi. Ya yi makonni bai ɗauki ko buhu ɗaya ba, ga mata da ƴaƴa. Asusun ƙungiya ne ya biya kuɗin magani. Da na koma na karanta jikin tanon, sai na ga an rubuta BKC 80. Tun ranar nake bin masu sayar da shi da ma'aikatan lafiya da tambaya, kuma abin da na koya shi na kawo muku.

Cikakken sunansa a takardun Najeriya benzalkonium chloride, a na Faransanci kuma chlorure de benzalkonium. Dangin sabulu ne ta fuskar aiki, domin kowane ƙwayarsa yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Bambancin yana ga kan. Kun san batir yana da gefen ƙari da gefen ragi. Kan sabulun wanki da Omo na ragi ne, kan wannan kuwa na ƙari ne. Tufafi, gashi, tsakuwa da fatar ƙwayoyin cuta galibi ragi suke ɗauke da shi, don haka da ya same su sai ya manne. Idan ya manne wa ƙwayar cuta, sai wutsiyar ta huda fatarta ta mutu. Wani likitan Jamus, Gerhard Domagk, shi ya bayyana wannan ƙarfi nasa a 1935.

Wannan mannewar ce ta sa yake da kasuwa. Asibitoci da masana'antun abinci suna goge ƙasa da kayan aiki da shi. Masu gidan kaji suna feshin ɗaki da shi kafin su zuba sababbin ƴan tsaki. Ana zuba shi a ruwan sanyaya injuna da wuraren ninkaya don hana gansakuka. Ƴan'uwansa ma muna ɗaukar su ba mu sani ba: akwai cetrimide da ke cikin Savlon, akwai na ruwan laushin tufafi, akwai na man laushin gashi da hajiyoyinmu ke sarowa katan-katan. Har kwaltar da ake shimfiɗawa da sanyi ana dama ta da wani danginsa, don ta kama tsakuwa. Kaya ne na halal mai riba, ba wanda ya ce mu daina ɗauka.

To ina haɗarin yake? Yana ga ƙarfi. Wanda ake wanke rauni da shi bai wuce wajen kashi ɗaya cikin dubu ba. Na cikin tano kuwa kashi 50 ne ko 80 cikin ɗari, abin da lambar ke nufi ke nan. Ku yi lissafi irin na kasuwa: lita ɗaya ta mai lamba 50 sai an mayar da ita lita 500 kafin ta sauko matsayin na rauni. Abin da ke huda fatar ƙwayar cuta, idan ya yi wannan kauri, fatar mutum ma yana ci. A ido yana iya makantarwa. A ciki yana ƙona baki da maƙogwaro. Mai lamba 80 sau da yawa ana gauraya shi da alkol, don haka bai son wuta ko taba a kusa.

Ba sai ka iya Turanci ko Faransanci za ka gane shi ba. Dubi zane a jikin tano ko bido. In ka ga hoton ruwa yana ɗiga kan hannu da kan ƙarfe yana cinye su, ko lamba 8 a ƙasan alama mai baƙi da fari, to mai ƙuna ne. In ka ga mataccen kifi da busasshen itace, to guba ne ga abin da ke cikin ruwa.

Ga abin da nake roƙo a wajen lodi da sauke. A duba murfi kafin a taɓa. A tsayar da tano a tsaye, a ɗaure shi, kada a ɗora shi kan buhunan shinkafa, gari ko sukari, kada kuma a jera shi da ruwan jabel. Mai ɗauka ya sa safar hannu ta roba da gilashin kare ido, kuma a ajiye bido biyu na ruwa mai tsabta a wurin. In ya zube a ƙasa, a rufe da yashi a kwashe, kada a kora shi cikin kwata. Direbobinmu na hanyar Jibiya da Ɗan Isa, don Allah kada ku wanke motar da ta ɗauko shi a bakin gulbi ko tabki. Masuntan Madarumfa da wannan ruwan suke ci.

In tsautsayi ya faru, a tuɓe rigar nan take, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15. In a ido ne, a buɗe idon ana zuba ruwa, sannan a nufi asibiti. Da yaronmu ya tuɓe riga ya yi wanka a lokacin, da abin bai kai haka ba. In wani ya sha, a kurkure masa baki, kada a sa shi amai, domin abin da ya ƙona wajen shiga zai sake ƙonawa wajen fita. Kada a tsaya ɗura masa manja. A kai shi asibiti tare da hoton takardar jikin tanon.

Masu sayarwa a awo, magana biyu gare ku. Ta farko, kada ku zuba shi cikin robar lemo ko ta ruwan sha. Kusan ba ya da launi, yaro ba zai bambanta ba. Tanon da ya ƙare kuma kada ya koma gidan kowa a matsayin randa. Ta biyu, ku faɗa wa matan da ke haɗa sabulun ruwa a gida kada su gauraya shi da sabulu wai don ya ƙara ƙarfi. Ƙari da ragi in sun haɗu kashe juna suke, an yi asarar kuɗi kuma ba a kashe cuta ba. A wanke datti da sabulu, a ɗauraye, sannan a shafa shi bisa awon da kamfani ya rubuta.

Na zo ga buƙatata. Kowane kamfani na gaskiya yana ba da takardar bayanin haɗari tare da kayansa, mai sashe 16. Na 4 taimakon gaggawa ne, na 6 yadda ake kwashe zubewa, na 7 ɗauka da ajiya. Ina neman taron nan ya amince cewa daga yau ba zan shigar da tano ko bido na sinadari a rajista ba sai da sunansa na gaskiya da wannan takardar. Na san wasu suna rubuta "sabulu" don gudun dogon bayani wajen duwan da kwastan, ko don ba su da izinin NAFDAC a ɓangaren Najeriya. Alhazaina, ranar da aka buɗe aka ga saɓanin takarda, kayan za a riƙe, kuma sunan ƙungiya ne zai ɓaci. Safar hannu da gilashin duk ƴan dakonmu ba su kai abin da muka kashe kan mutum ɗaya ba.

Laifin wancan layi nawa ne, na kuma nemi gafarar yaron, ya yafe mini. Ku taimake ni kada in sake rubuta irinsa.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya. Wassalamu alaikum.