Kaza da ƴaƴanta na nan, mu ne muka bar ɗaga kai



Kun tuna watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke mana kuran? Duk Maraɗi tsaki ake, har da ni. To cikin ɗarin shekarar nan muka hau kabu-kabu mu biyar, muka wuce Tsibiri kaɗan, muka zauna bakin gona. Ba ampul ko ɗaya. Wallahi sama kamar an watsa gero.

Wani tsoho mai gadin rumbu ya nuna mana Kaza da ƴaƴanta. Ya ce in ta ɓace a yamma cikin bazara, manomi ya fara gyaran gona, damina ta kusa. Ni da lisansi ɗina, sai ranar na ji haka. Abin da na kawo daga lakkwal guda ne: Zara matar wata da Gamzaki abu ɗaya ne, wani lokaci ta fito da magariba, wani lokaci da asuba. Ya yi dariya, ya ce sai ya gani.

Kar ku ji ni ba daidai ba. Duhun ƙauye ba ado ba ne, mata na haihuwa da hasken tocila, kuma muna nan kan neman a kai musu wuta. Amma tsofaffin nan tafiya suke, da sunayen taurari a bakinsu.

Asabar ɗin da babu farin wata, Jiratawa za mu. Mun sanar da maigari, saboda halin tsaro. Kowa ya zo da bargo da littafin rubutu.