Buhu 120 Da Babu Wanda Ya Sata



An nemi in ce wani abu game da sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta. To, zan ba ku labarin kuskuren da na tafka ne, wanda ya kusa raba wani yaro da hanyar abincinsa.

Wani Alhaji mai sayar da takin zamani a Kwangila ya ba ni aikin manhajar lissafin sito. Na rubuta ta da harshen Python, na haɗa da SQLAlchemy, wadda Michael Bayer ya fitar a 2006. Ita dai tafinta ce tsakanin manhaja da rumbun ajiye bayanai. Tana kuma ba mutum damar kafa mai kasa kunne, wato ɗan umarnin da ke farkawa duk lokacin da aka canza wani bayani. Aikin nawa shi ne, da an rufe rasit, ya rage buhunan da aka sayar daga lissafin sito.

Da damina ta kankama ciniki ya buɗe, akawu ya gaji da rufe rasit ɗai-ɗai. Sai na ƙara masa maɓallin da zai rufe na yini duka a dannawa guda. A ƙarshen mako aka ƙirga kaya, aka tarar abin da ke sito ya gaza na kwamfuta da buhu 120. Zargi ya faɗa kan yaron sito, tunda mabuɗi na hannunsa. Alhaji ya ce kwamfuta ba ta ƙarya, sai dai a haɗu wurin 'yan sanda.

Na roƙi arziƙin kwana uku. Na sa manhajar ta riƙa nuna mini kowane umarni da take aikawa rumbun, na kuma sa mai kasa kunnen ya bar alama in ya farka. Na rufe rasit ɗaya, alama ta fito, buhu ya ragu. Na danna sabon maɓallin, umarni guda ya wuce ya rufe rasit duka, amma ko alama ɗaya babu.

Kun san gadar Kwangila. Mai yankar tikiti a ƙasa ba ya ganin motar da ta bi ta sama. Haka umarnin jimla yake: kai tsaye yake zuwa rumbun, ba ya tayar da mai kasa kunnen da aka kafa wa rasit ɗai-ɗai. Wannan yana nan rubuce a littafin bayanin SQLAlchemy, ni ne ban karanta ba.

Na gyara maɓallin ya riƙa bin rasit ɗaya bayan ɗaya, na sake lissafin makon, buhu 120 suka fita cif. A gaban Alhaji na nemi gafarar yaron nan.

Malaminmu na lissafi ba ya karɓar amsa sai ya ga hanyar da ka bi. Mun sha bulala a kan haka, muna ganin mugunta ce. Malam, yau na gode.

Ku kuma 'yan'uwa masu shaguna da ofisoshi, kafin ku kira wani ɓarawo saboda lambar kwamfuta, ku ƙirga rasit na takarda, ku sa wanda ya rubuta manhajar ya nuna muku hanyar lissafinsa.

Allah ya bar zumunci.