Sankarar Fata a Kewayen Ido: Abin da Ya Wajaba Mu Sani da Abin da Ya Rataya a Wuyanmu



An nemi mu yi bayani a kan wata cuta da ke raba mutum da idonsa, wani lokaci har da ransa, wato sankarar fata da ta kama kewayen ido. Mu malaman makaranta ne, aikinmu shi ne tattaro abin da masana suka tabbatar, mu isar da shi cikin harshen da kowa zai fahimta. Hukunci a kan kowane majinyaci kuwa na likita ne.

Irin sankarar da ta fi kama wannan wuri iri biyu ce. Ta farko tana tsirowa ne daga ƙasan fata, galibi a fatar ido ta ƙasa ko a lungun ido ta wajen hanci. Tana da nawa, kuma da wuya ta yi ƙaura zuwa wasu sassan jiki, sai dai tana cin wurin da ta zauna har ta kai ga ƙashi. Ita ce ta fi yawa a ƙasashen Turawa. Ta biyu tana tsirowa daga saman fata, kuma ta fi ta farko gaggawa, domin takan bi jijiya ta shige ƙwarmin ido, ta kuma haifar da kaluluwa a gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi. Wannan ita ce ta fi addabar mu a Afirka.

Babban sanadin duka biyun shi ne hasken rana da fata ta daɗe tana sha. Baƙar fata tana da sinadarin melanin da ke kare ta. 'Yan'uwanmu zabiya kuwa ba su da isasshensa, shi ya sa cutar kan kama su tun suna samari, musamman a fuska da kunne da wuya. Haka nan masu ɗauke da cutar ƙanjamau, saboda raunin garkuwar jiki, sukan yi fama da wani tsiro a farin ido wanda dangin wannan sankara ne. Tsohon tabon ƙuna da gyambon da ya ƙi warkewa su ma kan rikiɗe su zama sankara.

Alamomin farko ba su da ban tsoro, wannan kuwa shi ne haɗarinsu: ƙurjin da ya wuce wata guda bai warke ba, ko ɓawon da ke faɗuwa ya sake fitowa, ko zubar jini da an taɓa, ko zubewar gashin ido a wuri ɗaya. Idan cutar ta yi nisa, sai a ji goshi ko kunci ya mutu, ana ganin abu ɗaya kamar biyu, ido ya turo waje ko ya kasa juyawa. A nan ne jama'armu kan ce jifa ne ko sammu, a shiga yin sakiya da ɗiga tsime-tsime a ido, alhali kowane wata da aka ɓata ƙarin wuri ne cutar ke ci.

A asibiti, matakin farko shi ne a gutsuri ɗan nama a auna, don a san irin sankarar. Daga nan sai a ɗauki hoton CT ko MRI a ga iyakar inda ta kai. Idan an zo da wuri, tiyata ce maganinta: a yanke tsiron tare da ɗan lafiyayyen naman da ke gefensa, sannan a gyara fatar ido. Akwai wata dabara da likitan Amurka Frederic Mohs ya ƙirƙiro a shekarun 1930, inda ake yankan naman falle-falle ana dubawa da madubin likita, har sai an ga babu sauran cuta.

Idan kuwa ta riga ta mamaye ƙwarmin ido, likita kan ba da shawarar a cire idon da duk abin da ke kewaye da shi. Wannan magana ce mai nauyi, kuma iyalai da dama kan gudu da majinyaci da zarar sun ji ta. Muna roƙon a yi haƙuri a saurara. Bayan ƙwarmin ido ƙwaƙwalwa ce, kuma tsakaninsu ƙashi ne marar kauri. Mai ido ɗaya yana noma, yana karatu, yana riƙe iyalinsa. Bayan tiyatar sau da yawa akan haɗa da gashi da na'urar haske, kwana 5 a mako, na kimanin mako 6.

A 'yan shekarun nan an sami ci gaba. A 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar vismodegib don sankara iri na farko da ta gagari tiyata. Tana janyo ɗaurewar tsoka da zubewar gashi da gushewar ɗanɗano, kuma haramun ce ga mai juna biyu domin tana nakasa ɗan tayi. A 2018 aka amince da cemiplimab don iri na biyu. Ta jijiya ake ba da shi duk bayan mako 3, aikinsa kuwa shi ne kwance dabaibayin da sankara ke yi wa garkuwar jiki. A wannan shekarar ce James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel saboda binciken da ya buɗe wannan hanya. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa cikin mutum 79 da aka ba maganin kafin tiyata, 40 ba a tarar da sauran sankara mai rai a naman da aka yanke ba. Wannan ya sa ana iya ceton idon wasu da a da sai an cire. Sai dai magungunan suna da tsadar gaske, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Saboda haka zuwa asibiti da wuri shi ne abin dogaron talaka.

To, mene ne namu a ciki? Ku da ke zaune a Kaduna da Zariya da Kano da Sakkwato da Abuja, kuna kusa da Cibiyar Ido ta Ƙasa, da asibitocin koyarwa na Shika da Malam Aminu Kano da Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙasa. Mako 6 na gashi yana bukatar masauki da abinci da mai rakiya, kuma rashin waɗannan kan sa majinyaci ya katse magani ya koma gida. Muna ba da shawara uku. Na ɗaya, kowane reshe ya naɗa wanda zai riƙa tarbar marasa lafiya daga gida. Na biyu, a ware wani kaso na asusun ƙungiya don kuɗin awo da mota. Na uku, a tallafa wa 'ya'yanmu zabiya da malfa da tabarau da riga mai dogon hannu da man kariyar rana mai lamba 50, a kuma roƙi shugabannin makarantu su yarda su sa su, su ɗauke musu tsayuwa a fili daga hantsi zuwa la'asar. Ranar 13 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa zabiya, ta dace da a gayyato likita ya duba fatarsu a asibitin garinmu.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna fatan kwamitin lafiya zai duba waɗannan shawarwari, ya kawo rahoto a taro mai zuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.