JAWABIN MAGATAKARDAN KOTU GA DATTAWAN EN'E A KAN TSUFA DA MOTSI

 

Da aka ce ni zan yi magana yau a kan tsufa, sai da na kwana biyu ina neman mafita, domin ban ga yadda wanda bai cika shekara 40 ba zai tsaya gaban waɗanda suka ba 70 baya, ya ce zai gaya musu yadda tsufa ya ke ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba shi ganinsa. Amma da na ƙara tunani sai na ga akwai wani yanki na maganar da mu yara muka fi ku sani, watau ɓarnar da mu ke yi muku da sunan girmamawa. Ita zan faɗa, kuma da kaina zan fara.

Mahaifina malamin haraji ne na En'e. Da aka rushe En'e a 1976 ya ci gaba da aiki a ƙaramar hukuma har aka ba shi fansho. Yana da wani baƙin keke wanda ya girme ni, da shi ya ke zuwa gonarsa, wajen mil biyu daga gari, ya duba 'yan ƙwadago, ya ɗan taɓa fartanya, ya komo kafin rana ta yi zafi. Ran nan yana ɗan shekara 74 ya shiga yashi da keken, ya faɗi, ya gurɗe a hannu. Ba karaya, cikin mako uku hannu ya warke. Mu kuwa 'ya'yansa muka taru muka yanke shawara, ni ne ma na fi kowa ɗaga murya. Muka kulle keke a ɗaki. Muka ce gona ta fita hannunsa. Buta a kawo masa, takalmi a juya masa, Jumma'a a kai shi cikin mota, in ya yunƙura zai tashi sai jika ya sheƙo ya ce, Baba zauna, me za a ɗauko maka? Duk wanda ya shigo gidan sai ya sa mana albarka, ya ce tsoho ya haifi 'ya'ya.

Ba a yi shekara ba, mutumin da ke tuƙa keke mil huɗu a yini ya zama ba ya iya tashi daga kan buzu sai an kama shi. Muka ce tsufa ne ya sauko masa gaba ɗaya. Da muka kai shi asibiti, likita ya duba zuciya, ya duba jini, ya ce bai ga wata cuta da ta isa ta kwantar da shi haka ba. Sa'an nan ya tambaye ni abin da tsohon ke yi tun daga asuba har dare. Na buɗe baki ina alfahari na ce ba ya yin kome, mun ɗauke masa. Likitan ya dube ni ya ce, to, ku ne cutar.

Na ji zafin maganar, amma daga baya na bincika na ga gaskiya ya faɗa. Naman jikin ɗan Adam, wanda da shi a ke tashi a ke tafiya, ya kan fara raguwa tun daga wajen shekara 30, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 kowace shekara goma, kuma bayan 60 raguwar ta kan ƙara sauri. Ashe ni da ke tsaye gabanku ma an fara yi mini awo. Wannan ba mai hana shi. Amma zama wuri ɗaya ya kan ci cikin makonni abin da tsufa ke ci cikin shekaru. A 1966, a birnin Dalas na Amurka, likitoci suka sami samari biyar 'yan shekara 20, lafiyayyu, suka kwantar da su kan gado mako uku ba tashi, sa'an nan suka auna ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu. A 1996 aka sake tara mutanen nan biyar, sun kai 50, aka sake aunawa. Sai aka tarar kwanciyar mako ukun nan ta fi rage musu ƙarfi bisa ga shekara talatin ɗin da suka yi a duniya bayanta. To, in haka ta faru ga saurayi, ina ga tsohon da 'ya'yansa suka zaunar wata goma sha ɗaya?

Mu ma'abuta tebur da alƙalami akwai wadda ta shafe mu musamman. A 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya fitar da binciken da ya yi kan ma'aikatan manyan motocin haya na London, masu bene. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma in ya kama su ya fi saurin kashe su. Shi Morris ya riƙe abin da ya gano, bai daina motsa jiki ba har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Sa'ad da na karanta wannan sai na tuna kotunmu. Magatakarda shi ne direba, masinja shi ne kwandasta. Ku da kuka san ma'aikatan da, ku lissafa a zuci, tsakanin masinjoji da 'yan doka da malaman daji da ke yawo, da mu da ke duƙe kan littafi, su wa suka fi kai tsufa da ƙafafunsu.

Kada a ɗauka ina cewa tsufa ƙarya ne. Gwiwar da ta cinye ta cinye, ba ta komawa ta saurayi. Ido ya kan dushe, kunne ya yi nauyi, barci ya gajarta, abin da a ke yi da numfashi ɗaya ya koma sai an huta sau biyu. Dattijon da ya ƙi yarda da wannan, ya ce lalle sai ya yi abin da ya ke yi yana ɗan 40, shi ma ya kan ja wa kansa kwanciya. Hanyar da na ga ta fi ita ce wadda malamanmu alƙalai suka fi ni sani a babin salla. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basur, ya yi tambaya, aka ba shi hukuncin da ke cikin littattafanmu har yau: wanda ya kasa tsayuwa ya zauna, wanda ya kasa zama ya kwanta a gefe. An rage masa siffar aikin, ba a ɗauke masa aikin ba. Da mun yi wa mahaifinmu haka, da mun ce keke ya huta amma gona tana nan, a kai shi bakinta ya zaga da ƙafa, da ba mu kai ga abin da muka kai ba.

Wanda kuma ya riga ya zauna kada ya ce ta ƙare. A 1990 an fitar da labarin wani gwaji da aka yi a gidan tsofaffi a Boston, da mutum goma masu shekara 86 zuwa 96. Aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Tara suka kai ƙarshe, ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa uku. Naman jiki ba ya tambayar shekara, aiki ya ke tambaya. Abin da aka koya wa mahaifina a asibiti bai fi wannan wuya ba. Ya zauna kan kujera mai ƙarfi wadda aka jingina da bango, ya tashi, ya koma, gwargwadon iyawarsa, safe da maraice. Ran farko sau uku ya yi, yana dafe da hannun kujera, yana yi mini faɗa. Bayan wata biyu yana yin goma sha biyar hannu a ƙirji. Sa'an nan tafiya, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ƙofar maƙwabci, har masallaci. Yau yana zuwa salla biyar da ƙafarsa. Gona kuwa bai koma ba, kuma ina jin ba zai koma ba. Wannan asarar a wuyana ta ke.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2020, ta ce wanda ya kai 65 ya nemi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda numfashi ke ɗan ɗaguwa amma mutum yana iya magana. Ya haɗa da aikin ƙarfafa jiki kwana biyu a mako, da na koyon tsayuwa daram kwana uku, kamar tsayawa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango. Lissafin ba shi da ban tsoro. Wanda masallacinsa ke da nisan minti biyar, in ya je ya komo sau biyar ya yi minti 50 a yini, muddin ya ɗaga ƙafa, ba tafiyar rangwaɗa ba. Sai dai mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ciwon zuciya, su ga likita tukuna ya yanka musu gwargwado. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe shi ya tsaya nan take, ya nemi asibiti. A yi tafiya bayan asuba ko bayan la'asar, a sha ruwa ko ba a ji ƙishirwa ba, domin jin ƙishirwa ma ya kan dushe da tsufa.

Tsoron da ya sa muka kulle keken ba na banza ba ne, faɗuwa mugun abu ce ga tsoho, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka wuce 65 ya kan faɗi cikin shekara. Amma ƙafar da ba ta aiki ita ta fi saurin kayar da mai ita. Abin da ya kamata ɗa ya gyara shi ne santsin makewayi, da duhun soro, da dokin ƙofa mai tsawo, da silifas da ya sake, da bakin riga mai jan ƙasa. A kuma kai tsoho a duba masa ido. Yanar ido a kan cire ta da ɗan aiki kaɗan mutum ya koma karatu, amma hawan jinin ido, wanda Turawa ke kira gilakoma, ya kan ci gani a ɓoye ba ciwo, kuma abin da ya ci ba ya komowa, saboda haka gwaji tun da wuri shi ne dabara.

A nan zan roƙi gafara in taɓa ku kaɗan, iyayena. Da yawa cikinku kun fi yarda ku zauna a zaure shekara biyar da a gan ku a titi da sanda. Na rasa gane wannan kunya. A ƙasar nan sanda a ke miƙa wa Sarki ran da a ke tabbatar masa da sarauta, da sanda liman ke hawa mumbari. Yaya za ta zama girma a hannunsu, ta zama abin kunya a hannun wanda ya ci shekara 80 yana bautar jama'a? Haka tabarau, haka na'urar kunne. Dattijo ya kan daina zuwa majalisa don ba ya jin abin da a ke faɗa, ya kuwa ƙi faɗa wa kowa, a yi ta cewa ya zama mai fushi.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan ba tausayi kaɗai ba ne, muna da bukata gare ku. Bara aka kawo mana shari'ar gona wadda magada suka yi shekaru suna ja. Takarda ba ta raba ba, shaidu duk yara ne, kowa abin da ubansa ya gaya masa ya ke maimaitawa. Aka ce akwai dattawa biyu da suka san iyakar tun zamanin haraji. Muka je wa na farko, muka tarar da shi kwance, hankalinsa garau, yana kwatanta mana wata aduwa da wani layin gamba, amma 'ya'yansa suka ce ya shekara uku bai fita ƙofar gida ba, ba shi kaiwa. Na biyu ya girme shi. Ya ɗauki sandarsa ya shiga gaba, alƙali da masu shari'a muna biye. Ya huta sau biyu a hanya, sau ɗaya ma har ya nemi ruwa. Aduwar an sare ta tuntuni, amma ya tsaya wani wuri ya buga sanda ya ce a tona. Aka tona aka sami kututture. Nan take ɗaya ɓangaren ya sallama, na rubuta, aka shafa fatiha aka watse.

Irin wannan sani ba ya cikin kowane kundi. Kotuna sun fita hannun En'e tun 1968, wanda ya kama aiki a shekarar nan yana ɗan 20 yau ya wuce 75. Alhaji Mahmudu Koki na Kano, wanda ya taimaki Bargery wajen ƙamus ɗin Hausa na 1934, da girma ya zo masa bai naɗe hannu ba, ya zauna ya ba da labarin rayuwarsa da aikinsa, aka buga shi littafi a 1977, shekara guda bayan rasuwarsa. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda aka naɗa a 1948, ya riƙe aikinsa, masu neman tarihi suna zuwa gare shi, har ya rasu a 1997 yana da kimanin shekara 90.

A ɗakin ajiya na kotunmu akwai tsofaffin littattafan shari'a, waɗansu da Larabci, waɗansu da ajami, da sunayen unguwanni da fadamu waɗanda ba wanda ke kiransu haka yanzu. Gara ta fara taɓa na ƙasa. Ni da abokan aikina muna iya karanta baƙin, amma sau da yawa ba mu san wurin da a ke nufi ba. Na nemi izinin Alƙali, ya yarda, kowace Laraba da hantsi za mu shimfiɗa tabarma a inuwar kotu, mu ajiye kujeru domin masu ciwon gwiwa, mu fito da littafi guda mu karanta, ku kuna gyara mana. Wanda gidansa ke kusa, ina roƙon 'ya'yansa su bar shi ya tako da ƙafarsa, jika ya rako shi. Wanda ke nesa a sauke shi a bakin kasuwa ya ƙarasa. Mahaifina ya ce shi zai fara zuwa, da sharaɗin in mayar masa da mabuɗin ɗakin da keken ya ke, ko da dai ya riƙa goge shi. Na ba shi jiya.