Murya Ɗaya, Fage Ɗaya: Darasi Daga Makaɗan Ƙasarmu



Da aka ce in yi jawabi a wannan taro, na san da yawanku kun zaci zan yi magana ne a kan aikin gwamnati. To amma yau kan waƙa zan yi magana, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu mutanen Kaya, da Maradun, da Bakura, da Mafara, ba baƙin waƙa ba ne. Daga cikinmu Allah Ya fito da makaɗan kotso guda biyu da duk ƙasar Hausa ta san da su: Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Alhaji Sa'idu Faru. Ban riski ko ɗayansu a fage ba, a kaset da rediyo na san su, a shagon mahaifina.

Ɗanƙwairo ya gaji kiɗa ne wajen mahaifinsa Usman Ɗankwanda, mutumin Kaya. Da waƙar noma ya buɗe ido, sa'an nan ya bi yayansa Kurna cikin kiɗan fada. Daga baya ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa sarakuna daga Tsafe har Daura, ya waƙe attajirai da sauran jama'a. Kafin rasuwarsa a 1991, manomi da basarake da ɗan siyasa kowa yana da rabonsa a cikin muryarsa.

Sa'idu Faru kuwa wata hanya ya ɗauka. Shi ne ake kira Malamin Waƙa, kuma duk wanda ya saurari yadda yake sarrafa Hausa, da habaici, da zambo, da kawo tarihi, ya san sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Amma ya tsare kansa ga jinin sarauta, musamman ubangidansa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya zauna Talata Mafara. Ya rasu a 1987, shekara tara kafin Macciɗo ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ranar da ya daɗe yana yi wa ubangidansa fata, bai gan ta ba.

Kada ku ɗauka laifinsa nake gani. A tsarin wancan zamani makaɗin fada na ubangidansa ne: shi ke ba shi doki da riga da hatsi, kuma ƙasƙanci ne a ji shi yana waƙe wanda bai gaji sarauta ba. Tsayawarsa wuri ɗaya ma ita ta ba waƙarsa zurfi. Sai dai ku dubi abin da Ɗanmaraya Jos ya yi da kuntiginsa, har karen mota ya waƙe. Ku tuna abin da manomanmu suka gani a Bakolori a 1980, lokacin rikicin gonakin da madatsar ruwa ta cinye. Da harshe irin na Sa'idu ya juya ga wannan, da wace irin taska muka gada? Wannan ita ce asarar da nake nufi.

Abin da ya sa na kawo wannan zance shi ne wani ɗan ajinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, amma malamanmu na Hausa za su tuna yaron da in ya ɗaga murya ranar wasan kwaikwayo, har masu dafa abinci sukan bar tukunya su zo kallo. Shekarun baya ya same ni da wasu waƙoƙi da ya tsara, ɗaya kan kogin Sakkwato, ɗaya kan matan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Ya nemi in taimaka masa da kuɗin ɗaukar su. Ni kuwa, da bakina, na ce masa ya riƙe waƙar 'yan siyasa, ita ke kawo abinci. Ya ji shawarata. Yau in ba lokacin zaɓe ba, ba ka jin ɗuriyarsa, waɗancan waƙoƙi kuma suna nan cikin littafi. Sa'idu Faru shi ya zaɓi fagensa, kuma fada ta riƙe shi da mutunci. Wannan ɗan'uwa namu kuwa ni na taya shi rufe ƙofa.

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, mu sa kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin makarantarmu da ya tsara waƙa mafi ma'ana a kan noma, ko ilmi, ko tarihin garinsu. Na biyu, mu haɗa hannu mu ɗauki nauyin fitar da waƙoƙin nan na ɗan'uwanmu. Ni zan fara zuba nawa a yau, domin bashi ne a wuyana.

Malamanmu, ku kuka koya mana cewa baiwa amana ce. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.