Bayan Karayar Kwatangwalo, Wa Zai Tayar da Majinyaci?



Idan likita ya gama nasa aikin ya ce a kai majinyaci sashen gashi, dangi sukan tafi da zaton za a haska masa fitila mai zafi, a shafa masa mai, a sallame shi. Sunan ne ya jawo wannan zato. Ɗumi yana lafar da raɗaɗi na ɗan lokaci, amma abin da ke mayar da mai raunin kwatangwalo kan ƙafafunsa shi ne motsin da likitan gashi ya tsara, wanda ake maimaitawa safe da yamma har tsoka ta dawo da ƙarfinta.

Kwatangwalo mahaɗa ce mai zurfi. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune a cikin gurbi a ƙashin ƙugu, kuma ƙasa da shi akwai siririn wuya. Jijiyoyin da ke kai wa kan jini ta jikin wuyan suke bi, saboda haka idan wuyan ya karye, kan na iya rasa jini ya mutu. Maɗori yana da gwaninta a karayar hannu ko ƙwauri, inda karan ɗori ke kama ƙashi. Kwatangwalo kuwa nama ya binne ta, babu karan da zai riƙe ta. Duk wanda ya faɗi ya kasa tashi, aka ga ƙafarsa ɗaya ta gajarce, tafin ya karkata waje, hoton ƙashi yake bukata a ranar. A Sakkwato, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru, ga asibitin ƙashi na Wamakko.

A garin Sakkwato ana ganin matashin da kabu-kabu ya kayar, ana ganin tsohuwar da santsin makewayi ya ɗauka da asuba tana shirin alwala. Akwai kuma wanda bai faɗi ba sam, wato mai amosanin jini, wanda cutar ke toshe wa ƙananan jijiyoyin kan ƙashin cinya har kan ya lotse, saurayi ɗan shekara 20 ya fara ɗingishi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta duk shekara a Nijeriya.

Tsohuwar nan ce ta fi shiga haɗari, kuma haɗarin daga ƙauna yake zuwa. An yi mata aiki, an dawo da ita gida, an shimfiɗa mata katifa a ƙasa. 'Ya'ya da jikoki na ta hidima. Ta yunƙura za ta ɗauki buta, sai a ce, "Inna, kwanta abinki, a kawo miki." 'Yan dubiya na shigowa da kwanon fura suna cewa Allah ya ƙara sauƙi, kada dai a bari ta motsa. Haka za a yi wata guda. Ranar da aka ce ta tashi, sai a tarar ƙashi yana haɗewa amma cinya ta zube, ƙafa ta kumbura, ga gyambo a gadon baya.

Abin da kwanciya ke yi wa jiki an gwada shi a fili. A 1966, a birnin Dalas na Amurka, masu bincike sun kwantar da samari 5 lafiyayyu, 'yan shekara 20, na mako 3 ba tare da sun taka ƙasa ba. Da suka tashi, ƙarfin zuciya da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, sai aka ga mako 3 na kwanciya ya fi shekara 30 na tsufa yi musu illa. To, ina ga mai shekara 70? Ita kwanciya kan jawo mata daskarewar jini a jijiyar ƙafa da ciwon huhu. Binciken ƙasashe da dama ya nuna kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da suka karye a kwatangwalo sukan rasu cikin shekara guda. Shi ya sa ƙa'idar da ake bi a Ingila ta ce a yi aiki a ranar da aka kawo mutum ko washegari, a kuma fara tayar da shi kwana guda bayan aikin.

Motsin kansa ba mai wuyar koyo ba ne. Tun yana gado, majinyaci zai riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa don jini ya gudana, ya danna bayan gwiwa a katifa ya ƙirga biyar ya saki. Daga nan sai zama a bakin gado, sai tsayuwa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, sai tashi da zama a kujera. Daga baya ana ƙarfafa tsokar gefen ƙugu ta hanyar buɗa ƙafa gefe, domin idan ta yi rauni mutum zai ci gaba da karkacewa ko da ƙashi ya warke sarai. Sanda kuma a hannun ɓangaren da ke da lafiya ake riƙe ta. Da yawa suna yin akasin haka. Nauyin da za a ɗora wa ƙafar kuwa, likitan da ya yi aikin ne zai faɗa.

Sai batun da littattafan Turai ba su cika kulawa da shi ba. Rayuwar Bahaushe a ƙasa take: tabarma, kujera 'yar tsuguno, masai na tsuguno, sujada da zaman tahiya. Wanda aka sauya wa kan ƙashi da na ƙarfe, irin aikin da Dakta John Charnley ya inganta a Ingila a 1962, sau da yawa ana hana shi tsuguno da harɗe ƙafa na mako 6 zuwa 12, don kada mahaɗar ta goce. Ke nan kafin ya dawo gida sai an nemo gado mai tsayi, an sa kafinta ya huda kujera an ɗora kan masai. Dattijo kan ji nauyin yin salla a kujera a gaban jama'a. Nan ne ake bukatar liman ya zo da kansa ya tuna masa cewa shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Sana'ar gashi ta shigo Nijeriya a 1945, lokacin da aka kawo ma'aikata biyu daga Ingila zuwa asibitin Igbobi a Legas don kula da sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu da raunuka. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, yau kuma Jami'ar Bayero ta Kano na yaye ɗalibai. Duk da haka ma'aikatan sun fi taruwa a manyan asibitocin birni. Mutumin Illela ko Tambuwal ba zai iya zuwa Sakkwato sau uku a mako ba, ga kuɗin mota, ga ciwo.

Saboda haka aikin yana komawa hannun mai jinya. Kafin sallama, ɗa ko jika ya tsaya gaban likitan gashi, ya gwada kowane motsi da jikinsa har a ce ya yi daidai, ya ɗauka a waya idan an yarda, ya tambayi sau nawa a rana da ranar komawa. Ya kuma riƙe alamomin da ba a kwana da su a gida: kumburin sha-raɓa mai zafi, sarƙewar numfashi, zazzaɓi, ruwa daga wurin ɗinki, ko ƙafa ta gajarce farat ɗaya.